Gram 23: Abin da Sikelin Jarirai Ya Nuna Lokacin da Bejin Ta Kashe Hayaƙi na Kwana 47

Ranar Asabar 23 ga Agustan 2008, tun kafin kiran assalatu muka tada janareto a tsakar gidanmu a Kano. Nijeriya za ta kara da Ajantina a wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa na gasar Olamfik. Da tsakar rana aka take wasan a Bejin, mu nan ya kama ƙarfe biyar na asuba. Yaran Samson Siasia ne, ga Sani Kaita ɗan garinmu a tsakiyar fili. Kowa ya san yadda aka tashi: Di Maria ya ɗaga wa mai tsaron gida ƙwallo ta faɗa raga, muka dawo da azurfa. A talabijin rana ce ƙwal a saman filin, har sai da alƙalin wasa ya tsayar da wasa 'yan ƙwallo suka sha ruwa.

Muna cikin kallo matar yayana ta fito hura wuta. Tsohon ciki gare ta a lokacin, tana tafiya tana dafa bango. Icen ya sha ruwan damina, ya ƙi kamawa, ta tsuguna da kyar tana fifita da faifai, hayaƙi na turnuƙe mata fuska, tana share hawaye da haɓar zani. Ga janareto na nasa aman a gefen rumfa. Babu wanda ya ga wani abin dubawa a cikin wannan, har ni. Haka muka taso muna gani.

A wannan watan akwai dubban mata a Bejin da cikinsu ya kai inda nata ya kai. Su kuwa, a karon farko cikin shekaru masu yawa, suna shaƙar iska mai ɗan dama-dama, saboda gwamnatinsu ta yi baƙi. Bayan shekara bakwai wasu masana suka buɗe littattafan haihuwa na birnin suka duba ko wannan ɗan sarari ya bar alama a jikin jariran. Ya bari. Labarin wannan alamar nake son bayarwa, da abin da take iya faɗa, da abin da ba za a ɗora mata ba.

Birnin da alkawarinsa

A Mosko aka ba Bejin damar karɓar gasar, ranar 13 ga Yulin 2001, kuma cikin alkawuran da ta ɗauka har da gyara iskarta. Alkawari ne mai nauyi. Duwatsu sun kewaye birnin ta yamma da arewa, kudancinsa kuma fili ne cike da masana'antun lardin Hebei masu ƙona kwal. Idan iska ta taso daga kudu sai ta kwaso hayaƙin ta jibge shi a gindin duwatsun, ya rasa mafita, ya kwanta a kan mutane kamar murfin tukunya. A cikin birnin kansa, ta yamma, ga katafaren kamfanin narka ƙarfe na Shougang. Motoci sun haura miliyan 3. Gine-gine kuma ko'ina, siminti da ƙura ba dare ba rana.

Da gasar ta matso sai abin ya zama na kare mutunci. A watan Maris na 2008 Haile Gebrselassie na Habasha, wanda ke riƙe da kambun gudun fanfalaki na duniya, ya ce ba zai yi gudun ba a Bejin saboda yana da asma kuma yana tsoron iskar. Ya zaɓi gudun mita 10,000. Kwanaki kaɗan kafin buɗe gasar wasu 'yan tseren keke huɗu na Amurka suka sauka a filin jirgin sama da baƙin takunkumi a fuska, hotonsu ya zaga duniya, daga baya suka ba da haƙuri. Ƙasar da ta kashe dukiya mai yawa don ta nuna wa duniya ta kai, ba za ta yarda hayaƙi ya kunyata ta ba.

Saboda haka aka yi abin da ba kowace hukuma ke iya yi ba. Daga farkon Yuli aka hana tsofaffin motoci masu yawan hayaƙi shiga gari. Daga 20 ga Yuli zuwa 20 ga Satumba aka raba motocin jama'a biyu: wadda lambarta ta ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9 ta fita yau, wadda ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 ta fita gobe. Motocin gwamnati da yawa aka ajiye. Aka dakatar da haƙa da zuba kankare a wuraren gini. Shougang ya rage aiki ƙwarai, masana'antun siminti da na sinadarai wasu aka rufe, wasu aka rage musu wuta, kuma ba a Bejin kaɗai ba, har Tianjin da Hebei da sauran maƙwabta. Aka buɗe sababbin layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa don mutane su sami abin hawa. An buɗe gasar ranar 8 ga Agusta, aka rufe ranar 24, sannan gasar nakasassu ta biyo baya daga 6 zuwa 17 ga Satumba.

Masu auna iska sun ga bambanci. A ma'aunin da wata tawagar masana ta yi a tsakiyar birnin, iskar salfa dayoksaid, wadda ƙona kwal ke fitarwa, ta ragu da kashi 60 cikin ɗari. Kabon monoksaid ta ragu da kashi 48, naitrojin dayoksaid na salansar mota da kashi 43, ƙananan ƙwayoyin ƙura da toka da ake kira PM2.5 kuma da kashi 27. Da aka ɗage dokokin, hayaƙi ya dawo gidansa.

Gwajin da ba wanda ya shirya

Ga inda lamarin ya zama mai daraja ga masu binciken lafiya. An daɗe ana lura cewa matan da ke zaune a unguwanni masu hayaƙi sun fi haihuwar ƙananan jarirai. Amma mai gardama yana da abin cewa: ai matan da ke zaune kusa da masana'anta ko bakin babban titi galibi talakawa ne, abincinsu bai kai ba, ba sa zuwa awo a kan kari, aikin wahala ya yi musu yawa. Ta yaya za a raba laifin hayaƙi da na talauci? Kuma babu likitan da zai tara mata masu ciki ya raba su biyu, ya ce waɗannan su shaƙi hayaƙi waɗancan su shaƙi iska mai kyau, don a ga abin da zai faru.

Bejin ta yi wannan rabon ba da niyya ba. Unguwanni ɗaya ne, asibitoci ɗaya, irin mutane ɗaya, irin abinci ɗaya. Abin da ya sauya shi ne iska, ta gyaru na 'yan makonni sannan ta koma yadda take. Mace ba ta zaɓi watan da gasar za ta riski cikinta ba.

David Rich na Jami'ar Rochester a Amurka, tare da Junfeng Zhang da abokan aikinsu na ƙasar Sin, suka tattara bayanan haihuwa 83,672 daga gundumomi huɗu na cikin birnin: Xicheng, Haidian, Fengtai da Chaoyang. Duka jarirai ne da suka cika lokacinsu, daga mako 37 zuwa 41. Suka ware kwana 47, daga 8 ga Agusta zuwa 24 ga Satumba. Sannan suka bi cikin wata-wata: matan da watansu na ɗaya ya faɗa cikin waɗannan kwanaki a 2008, a gwada su da matan da watansu na ɗaya ya faɗa cikin kwanakin nan a 2007 da 2009. Haka na biyu, haka na uku, har zuwa ƙarshe. Wannan dabara ta gwada Agusta da Agusta tana da muhimmanci, domin nauyin jarirai kan ɗan motsa da yanayin shekara, zafi ko sanyi, ko da hayaƙi ko babu.

Sakamakon ya fito a 2015 a mujallar Environmental Health Perspectives. Daga wata na ɗaya zuwa na bakwai ba a ga wani bambanci da za a kafa hujja da shi ba. A wata na takwas aka gani. Jariran da watansu na takwas a ciki ya dace da kwanakin gasar sun fi takwarorinsu na 2007 da 2009 nauyi da gram 23 a matsakaicin lissafi. Masu binciken suka ce ainihin adadin na iya kasancewa tsakanin gram 5 da gram 40. Da suka sake bin lissafin ta wata hanya, suna gwada yawan gurɓatar iska a watan takwas na kowace mace da nauyin abin da ta haifa, sai hanyoyin biyu suka haɗu: inda PM2.5 ta ƙaru da kimanin maikirogram 20 a kowace mita kubik ta iska, wato iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, nauyin jariri ya ragu da gram 18. Naitrojin dayoksaid kuma ta fi duka cin nauyi, gram 34.

Me ya sa wata na takwas

Duk matar da ta taɓa haihuwa ta san watannin ƙarshe su ne na nauyi. Farkon ciki na ƙera halitta ne, zuciya da ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ƙarshensa na tara tsoka da kitse. A waɗannan makonni ɗan tayi kan ƙara wajen gram 200 a mako guda, kuma duk abin da zai gina jikinsa da shi, abinci ne ko iskar oksijin, ta mabiyiya yake zuwa, ya bi igiyar cibiya. Duk abin da ya rage gudun jini zuwa mabiyiya a wannan lokaci, a sikeli zai bayyana.

Ƙwayar PM2.5 ta fi silin gashin kai siranta wajen sau talatin. Gashin hanci ba ya tare ta, majina ba ta kama ta, sai ta wuce can ƙuryar huhu inda iska ke haɗuwa da jini. Jiki ya ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba ya tayar mata da kumburi, kumburin ya bi jini, jijiyoyi su tsuke, jini ya ƙara kauri, hawan jini ya ɗan motsa. Wannan ma an gan shi a Bejin ɗin, a cikin makonnin nan. Tawagar su Rich da Zhang ta riƙa ɗibar jinin matasan likitoci 125 masu ƙoshin lafiya kafin gasar, da lokacinta, da bayanta. Alamomin daskarewar jini suka sauka da iska ta gyaru, suka sake hawa da hayaƙi ya dawo. An buga wannan a mujallar JAMA a 2012. Idan jinin saurayi lafiyayye ya amsa cikin 'yan makonni, ba abin mamaki ba ne jinin mai ciki, wanda ke ciyar da rai biyu, ya amsa.

Kabon monoksaid kuma tata hanyar daban ce. Tana manne wa jajayen ƙwayoyin jini fiye da yadda oksijin ke mannewa sau ɗari biyu da wani abu, ta hau kujerar da oksijin zai zauna. Jinin ɗan tayi ya ma fi na uwarsa riƙe ta, kuma ya fi jinkirin sakinta.

Da can ana ɗauka mabiyiya katanga ce da ƙura ba ta tsallakewa. A 2019 masana a Jami'ar Hasselt ta Beljiyam, ƙarƙashin Tim Nawrot, suka haska mabiyiyar mata bayan haihuwa suka ga ƙwayoyin baƙin toka a ɓangaren da ke fuskantar jariri, kuma matan da suka fi zama cikin hayaƙi sun fi tara su. A 2022 su da masana na Jami'ar Aberdeen suka same su a hanta da huhu da ƙwaƙwalwar 'yan tayi. Na daɗe ina juya wannan a raina: yaro bai taɓa buɗe baki ya ja numfashi ba, amma tokar salansa ta riga ta isa huhunsa.

Gram 23 abin magana ne?

Nauyin dunƙulen magi shida ke nan, ko ƙasa da haka kaɗan. Bai kai abin da ɗan tayi ke ƙarawa a yini guda a ƙarshen ciki ba. Idan nas ta ɗora jariri a sikeli ta ce kilo 3.3, gram 23 ba zai ko motsa allurar yadda ido zai gani ba. Shan taba a lokacin ciki kan rage wajen gram 200. To me ya sa za a cika mana kunne?

Amsar tana cikin yawan mutanen da abin ya shafa. Taba, wadda ta sha ita ta shafa, da waɗanda ke kusa da ita. Iska kuwa kowa na gari ke sha, matar minista da matar mai gadi. Idan aka ja nauyin dukkan jariran birni baya da gram 23, mai kilo 3.5 ba abin da ya same shi. Amma akwai waɗanda ke tsaye a bakin gaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a kilo 2.5, wanda ya gaza haka shi ne mai ƙarancin nauyi, kuma shi ne ya fi saurin yin sanyi, ya fi kasa kama nono, ya fi faɗawa hannun cuta a watan farko. A cikin dubban ɗaruruwan haihuwa, ɗan ja baya kaɗan ya isa ya tura jarirai da yawa ƙetaren wannan iyaka. Kuma tun shekarun 1980 David Barker na Southampton a Ingila ya nuna, daga tsofaffin littattafan ungozomomi, cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa in ana ambaton wannan adadi. Iskar Bejin ba ta zama tsarkakakkiya a lokacin gasar ba. Raguwa ta yi, kuma ko a mafi kyawun makonninta ta ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so. Gram 23 ribar ɗan sassauci ce na mako bakwai a cikin wata tara. Ba ta gaya mana abin da jariri zai samu in uwarsa ta yi dukkan cikinta a iska mai kyau.

Inda za a yi taka-tsantsan

Ba na son in sayar da binciken fiye da kuɗinsa. Ba a rataya wa kowace mace na'urar awo a wuya ba. Da ma'aunin gari aka yi wa kowa lissafi, alhali wata a bene na ashirin take, wata a bakin titi take sayar da kaya. Lokacin gasar ba iska kaɗai ta sauya ba: cunkoso ya ragu, ƙara ta ragu, wasu sun sami hutun aiki, wasu sun zauna gida kallon wasanni. Kowanne daga cikinsu na iya taɓa mai ciki. An kuma yi ruwan sama sosai a Agustan 2008, kuma masana yanayi sun nuna cewa ruwa da sauyin iska sun taimaka ƙwarai wajen wanke sararin, ba dokoki kaɗai ba. Wannan na ƙarshe bai rushe batun jarirai ba, domin huhu bai damu da wanda ya share hayaƙin ba, amma ya rage wa hukuma yabon da take ba kanta.

Sannan rashin ganin komai a watannin farko ba ya nufin hayaƙi ba ya cutar da ƙaramin ciki. Nauyi kawai aka auna, kuma a jariran da suka cika wata tara. Ɓari, haihuwar bakwaini, jaririn da ya zo ba rai, duk ba sa cikin lissafin.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa a kan sakamakon shi ne ba shi kaɗai ba ne. A garin Tongliang na yankin Chongqing an rufe wata tashar lantarki mai ƙona kwal a watan Mayun 2004. Frederica Perera da Deliang Tang na Jami'ar Columbia suka gwada jariran 2002 da na 2005, suka tarar na bayan rufewar suna da ƙarancin alamar gubar hayaƙi a jinin cibiyarsu, kuma kewayen kansu ya fi girma. A Amurka kuma, da aka sa na'urar E-ZPass, mai cire kuɗi ba sai mota ta tsaya ba, a shingayen karɓar kuɗin hanya na jihohin New Jersey da Pennsylvania, motoci suka daina yin dogon layi suna tururi, Janet Currie da Reed Walker suka gano haihuwar bakwaini ta ragu da kusan kashi 11 cikin ɗari a tsakanin matan da ke zaune cikin kilomita 2 da shingen, ƙarancin nauyi kuma da kusan kashi 12. Wurare daban, hayaƙi daban, hanya ɗaya sakamakon ya nufa.

Bayan baƙi sun tafi

Wannan ɓangaren ne ke ci mini rai. An nuna ana iyawa, sannan aka bari. Matan da cikinsu ya kai wata takwas a Agustan 2009 ba su yi wa kowa laifi ba. Babu dai baƙin da za a ji kunya a shekararsu. Motoci suka ci gaba da ƙaruwa, masana'antun Hebei suka koma aiki gadan-gadan. A Janairun 2013 hayaƙi ya rufe birnin har na'urar ofishin jakadancin Amurka ta nuna PM2.5 sama da 800, a lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa kada matsakaicin yini ya wuce 25. Iyaye suka cika asibitocin yara.

Daga nan ne aka yi gyaran gaske, kuma wannan karon kukan 'yan gida ne ya jawo shi. A Satumban 2013 gwamnati ta fitar da shirin yaƙi da gurɓatar iska na ƙasa baki ɗaya, a Maris na 2014 Firimiya Li Keqiang ya shelanta yaƙi da gurɓata muhalli a gaban majalisa. A 2017 babbar tashar kwal ta ƙarshe a Bejin ta daina aiki. Matsakaicin PM2.5 na shekara ya sauko daga 89.5 a 2013 zuwa 58 a 2017, zuwa 33 a 2021. Ko a lokacin ya ninka ma'aunin 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2021 fiye da sau shida, amma saukowa ce da ba a cika ganin irinta ba. Tsohon filin Shougang ma a cikinsa aka yi wasan tsalle kan ƙanƙara a gasar Olamfik ta hunturu ta 2022, ga tsofaffin hasumiyoyin masana'antar tsaye a baya.

Sai dai kamfanin bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa Caofeidian a gaɓar tekun Hebei, kuma can ma akwai mata masu ciki. A hunturun 2017, da aka gaggauta raba ƙauyukan Hebei da murhun kwal kafin iskar gas ta wadata, iyalai da yawa sun kwana cikin sanyi mai tsanani har sai da hukuma ta sassauta. Iskar babban birni ta gyaru, wani ɓangare na kuɗin kuma talakan ƙauye ne ya biya.

Murhun matar yayana

Hayaƙin Bejin na kwal ne da mota. Namu mafi yawa daga madafa yake fitowa, sai janareto, sai bola da ake cinna wa wuta, sai salansar adaidaita sahu, ga ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi ta lulluɓe mu wata da watanni. Amma ƙwayar da ke shiga huhu girmanta ɗaya, kuma abin da mace ke shaƙa a kan murhun ice a rufaffen ɗakin girki yakan kai, har ya wuce, na mummunan yini a Bejin. Rahoton State of Global Air na 2020 ya ƙiyasta cewa a 2019 jarirai kusan 476,000 a duniya sun mutu a watansu na farko saboda dalilan da ke da nasaba da gurɓatar iska, kusan rabinsu a Afirka kudu da Sahara, kuma wajen kashi biyu cikin uku hayaƙin girki ne sila.

An gwada maganin a ƙasar nan. A Badun, tsakanin 2013 da 2015, tawagar Farfesa Christopher Olopade na Jami'ar Chicago ta ɗauki mata masu ciki 324 da ke girki da kananzir ko ice, aka ba rabinsu murhun etanol ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda suka sami sabon murhun jininsu bai hau kamar na sauran ba, cikinsu ya ƙara kusan mako guda kafin haihuwa, jariransu kuma sun fi nauyi da gram 88 a matsakaici, ko da yake matan ba su da yawan da za a rantse a kan wannan adadi na ƙarshe. Wani gwaji mafi girma da aka buga a 2022, mai mata 3,200 a Gwatamala da Indiya da Peru da Ruwanda, ya raba murhun gas da gas ɗin kyauta. Hayaƙin da matan ke shaƙa ya ragu ƙwarai, amma bambancin nauyin jarirai bai wuce wajen gram 20 ba, kuma a lissafi bai kai a ce tabbas ba sa'a ba ce. Dole a faɗi wannan ma. Ni abin da na fahimta shi ne murhu ɗaya a gida ɗaya ba ya raba mace da hayaƙin maƙwabta da na titi, kuma inda abinci bai isa ba, ga zazzaɓin cizon sauro ga ƙarancin jini, hayaƙi ɗaya ne cikin masu jan jariri baya. Bejin ta rage hayaƙin gari dungurungum a lokaci guda, kowa ya samu.

Duk da haka akwai abin da ke hannun gida, kuma ba ya cin kuɗi. Mai tsohon ciki a ɗauke mata hura wuta, ko a fitar da murhun fili inda iska ke kaɗawa. A shanya ice ya bushe. Kada a kunna wuta da leda ko tsohon silifa. Janareto ya yi nesa da taga, kuma kada a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyi, ko a ɗakin mai jego, inda jariri ɗan kwana uku ke kwance. Waɗannan maganganu ne da ya kamata a ce ana yinsu a wurin awo tare da maganar gidan sauro da ƙwayar ƙarin jini, kuma a faɗa wa mazan, tunda su ke sayo icen, su ke ajiye janareton.

Akwai wani abu kuma da sai da na karanta binciken sau biyu na lura da shi. An iya gano gram 23 ne saboda an ɗora jarirai 83,672 a kan sikeli, wani ya rubuta nauyin kowanne, da makon da aka haife shi, da gundumar uwarsa, aka adana. Ba don wannan littafi ba, da gasar ta zo ta wuce ba wanda ya san ta taɓa kowa a cikin mahaifa. A Nijeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti, kuma Arewa maso Yamma ce ke can ƙasa. A Janairun 2013 an hana acaɓa a Kano, dubban babura masu tururin baƙin mai suka bar titi kusan dare ɗaya. Irin wannan sauyi ne masana ke nema ido rufe. Amma kafin a tambayi abin da ya yi wa jariran Fagge ko Kurna, sai an sami nauyinsu a rubuce.

Matar yayana ta sauka a farkon azumin 2008 ɗin, a ɗakinta, tsohuwar ungozomar unguwa ce ta karɓi haihuwar. Namiji ne. Kwanan baya na kai musu ziyara, na same ta tana tsince shinkafa, yanzu da ɗan ƙaramin silinda na gas take girki in akwai kuɗin cikawa, in babu ta koma gawayi. Na ce, "Yaya, wai kin tuna nauyin yaron nan da aka haife shi?"

Ta ɗago ta dube ni. "Nauyi kuma? Wa ya auna? Inna dai da ta ɗaga shi ta ce ɗan mitsitsi ne, a dage da ɗumi, kada a bari iska ta taɓa shi."

"Da me kuka yi ɗumin?"

"Da garwashi mana, a kasko. Har muka yi arba'in yana ɗakin."